Banki ko ofishin odita: ina ya kamata in yi IT ɗina?

Ɗan Funtuwa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ina aji uku a jami'a, Akanta nake karantawa, kodayake kwasa-kwasai da yawa tare muke ɗauka da 'yan sashen Gudanar da Kasuwanci. Ƙarshen semestan nan za a sallame mu wata shida mu je sanin makamar aiki, wato IT. An riga an raba mana takardar neman wuri da logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi kullum.

Wuri biyu gare ni. Na farko banki ne a Kaduna, kawuna ne ya yi mini hanya. Na biyu ofishin wani odita ne, mai binciken littattafan kuɗin kamfanoni, a Kano, ɗaki uku a saman bene, ma'aikata biyar. Ranar da na kai takardata na tarar da mai ofishin ya nutse cikin fayil-fayil, ko ɗaga kai bai yi ba ya tambaye ni ko na iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce to babu albashi, kuɗin mota kawai.

Abokaina duk sun ce banki, wai sunan kaɗai ya ishi CV. Baba kuma ba ya ƙaunar aikin banki saboda kuɗin ruwa. Bai hana ni ba, ya dai yi shiru, kun kuwa san shirun tsofaffi. Ni abin da ke cin raina daban ne: shekara uku ina rubuta debit da kiredit, ɓangarori biyun da ake shigar da lissafi, a takardar jarrabawa, amma ban taɓa ganin littafin kuɗin kamfani na gaske ba. Ko littafin shagon Baba na taki da maganin feshi in na buɗe, kaina juyawa yake yi. Don Allah wanda ya bi ta hanyar nan ya haska mini.

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni banki na yi nawa, don haka ba labari aka ba ni ba. Wata shida na yi, aikina uku: in taya tsofaffi cike fom ɗin buɗe asusu, in tsaya wajen injin hoton takardu, in nuna wa mutane layi. Ba mugunta suka yi mini ba. Banki ba ya bai wa ɗalibi lambar shiga na'urarsa, kuma ainihin lissafin a hedikwata ake haɗa shi, reshe ba ya ganin komai sai shige da fice. Ranar Juma'a sai in zauna ina ƙago abin da zan rubuta a logbuk, don kada malamin da zai zo duba mu ya ga shafi fayau.

Kunyar da na sha sai bayan hidimar ƙasa. Na samu aiki a wani kamfanin casar shinkafa, satin farko oga ya turo mini takardar bayanin asusu daga banki da littafin kashiya, ya ce in daidaita su. Akwai tazarar dubu ɗari biyu da 'yan kai. Na san abin a takarda, har A na ci a kwas ɗin, amma kwana biyu na yi ina zufa. Wani dattijo mai difloma, wanda na fi shi takarda nesa ba kusa ba, shi ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Minti ashirin ya gano cak guda biyu da aka rubuta ba a kai banki ba tukuna, da cajin banki da ba wanda ya shigar. Ya ce, "Hajiya, a bi rasit ɗaya-ɗaya, ba a tsallake." Har yau da maganarsa nake aiki.

A ƙaramin ofishin odita hannu ya yi musu kaɗan, dole su saka ka aiki. Za su ɗauke ka zuwa sito a Sharaɗa ko Bompai ku ƙirga kaya, ka ga yadda buhu ɗari a littafi ke komawa casa'in da huɗu a ƙasa, ka kuma ji bayanin mai sito. Za ka ga littafin ɗan kasuwar Kwari wanda kuɗin cefanen gidansa da na shago aljihu ɗaya suke, a ce ka raba su. Za ka cike takardun VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ka san ana miƙa su kafin 21 ga wata mai biyowa, harajin albashin ma'aikata kuma kafin 10 ga wata. Waɗannan ranakun ba a aji ake haddace su ba, sai ka ga oga na zagaye ofis yana faɗa ranar 20.

Abu ɗaya: ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi kullum, da yamma ka kwafe cikin logbuk. Kuma duk abin da ka gani a littafin mutane, bakinka alaikum. Ko Babanka kada ka faɗa wa.

Tsohon Ɗan Poli:

Anti ta faɗi gaskiya, amma ba duka ba. Mu 'yan poli bayan ƙaramar difloma (ND) shekara guda cur muke yi a waje kafin babbar difloma (HND), ni kuma a banki na yi tawa, a can na koyi zuwa aiki bakwai da rabi, da yi wa mutumin da ya fusata magana har ya sauko. Kai da kake haɗawa da gudanarwa, wannan ma karatu ne. Sannan wasu ofisoshin oditan suna ne kawai, sai ka yi wata shida kana sayo wa oga ƙosai. Ka koma ka tambayi yaran ofishin, ba mai ofishin ba: kamfani nawa suke duba wa littafi, kuma ana fita da ɗalibai? Ka lissafa masauki ma. Kuɗin mota ba ya ciyar da mutum a Kano, alawus ɗin ɗaliban IT kuwa kada ka ɗora rai a kansa.

Malamin Lissafi:

Ɗana, ka dubi gaba da wata shidan. Digiri kaɗai ba ya sa a kira mutum ƙwararren akanta a Najeriya, sai ya bi ta ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci biyu: ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN, mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos. ICAN na yafe wasu takardun jarrabawarta ga wanda ya fito daga sashen da ta amince da shi, je ka tambayi shugaban sashenku matsayin naku. Takardun odit da haraji su ke kayar da yara, kuma wanda ya taɓa zama a ofishin odita yakan gane tambayar tun kafin ya gama karanta ta.

Batun mahaifinka kuma kada ka raina shi. In banki ne ranka ke so nan gaba, akwai marasa kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. Su ma akantoci suke nema, har da wanda ya san yadda ake shigar da murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) da ijara (bayar da haya) a littafi. Kawunka kuwa ka je har gida ka yi masa bayani, kada ya ji a bakin wani.

Ɗan Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya ɗan poli, na bi shawararka. Jiya na koma ofishin da azahar lokacin da oga ya fita masallaci, na samu wani yaro da ya yi IT ɗinsa a nan bara suka riƙe shi. Ya ce suna da kamfanonin leda biyu, da makarantu masu zaman kansu, da wani dilan hatsi a Dawanau, kuma daga Janairu zuwa Maris ko zama ba sa yi. Ya ce in zo da takalmin da ba na tausayi, don sito ƙura ne.

Masauki zan sauka wajen gwaggona a Kurna. Kawu na je na same shi, Malam. Ya ɗan ɓata rai, ya ce yaran zamani ba a yi musu gwaninta, amma da zan tafi ya ba ni kuɗin mota. Baba kuwa da na faɗa masa bai ce komai ba, sai da daddare ya aiko ƙanena da littattafan shago guda uku, na bana da na bara da na bara waccan, wai in fara da su kafin in tafi. Na buɗe na farko, shafi na huɗu an rubuta "Alhaji na Bakori, buhu 12, zai kawo", babu kwanan wata babu farashi. Anti, a wane ɓangare ake shigar da wannan?