Shawarwari kan gwajin sababbin na'urorin sadarwa kafin a miƙa wa sojoji

A wata hira da wasu tsofaffin sojojin sadarwa suka yi da matasan injiniyoyi Hausawa a unguwar Obalende da ke Legas, an fi nanata cewa kada a raba wa bataliya sabuwar na'ura sai an tabbatar tana jituwa da tsofaffin rediyoyin HF (masu cin dogon zango) da VHF (masu cin gajeren zango) da ke hannun sojoji, domin ba a sauya kayan runduna gaba ɗaya rana guda. An kawo misalin sojojin Amurka, waɗanda daga 2011 suka yi wasu shekaru suna damƙa wa birged guda sababbin kayan sadarwa ta gwada su a sansanin soja na Fort Bliss kafin a saya da yawa.

Dattawan sun ce Legas kanta filin gwaji ce mai tsanani: dogayen gine-ginen Ikko suna tare siginar VHF, iskar gishiri ta Apapa tana sa bakin waya tsatsa, ruwan saman Yuni kuma yana raunana sadarwar tauraron ɗan Adam. Saboda haka a gwada kayan da damina, a hannun kurtu mai ɗauke da bindiga da jaka, kuma a auna awa nawa batir ke yi. Matasan sun ƙara da batun sirranta saƙo, wanda a ganina ya cancanci lokaci fiye da wanda aka ba shi.