Zufar hannu tana neman raba ni da sana'ata, ina neman shawara

Ɗan koyon ɗinki, Tawa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata 22, ina koyon ɗinki da surfani a wani shago nan Tawa. Matsalata zufa ce, amma ba irin wadda kowa ke yi ba in rana ta take. Tafin hannuna da tafin ƙafata kullum a jiƙe suke, ko cikin ɗarin Janairu da mutane ke jin wuta, ni hannuna ɗiga yake. Tun ina lakwal abin ya faro, sai na shimfiɗa ƙyalle ƙarƙashin hannu kafin in yi rubutu, in ba haka ba takarda ta jiƙe.

Yanzu ya taɓa abincina. In na riƙe farar shadda sai shatin yatsuna ya fito, wurin ya dushe, ƙyallin ya mutu. Allin awo narkewa yake a hannuna, almakashina duk ya yi tsatsa. Maigidana mutumin kirki ne, amma ya daina ba ni kaya masu tsada, ga aikin Salla na matsowa. Abin da ya fi ci mani rai shi ne gaisuwa: an sallame salla, mun yi musabaha, sai in ga mutum yana goge hannunsa a riga. Wasu sun ce ciwon zuciya ne, kakata ta ce zahi ne. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mani.

Ɗan kabu-kabu:
Allah shi sawwaƙe abokina. Ni dai tun muna yara ake ce mana mai zufar hannu zuciyarsa ce ba lafiya. Ka tafi likita da wuri.

Inna mai lalle:
Ɗana, kada ka sa damuwa. Ɗiyar ƙanwata haka take. Alif muke jiƙa mata ta riƙa tsoma hannu da dare, wani lokacin a ƙunsa mata lalle. Yana ragewa na ɗan lokaci, amma gaskiya bai raba ta da shi ba. Kuma ka rage shayi mai ƙarfi da tonka.

Majo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma'aikacin jinya ne. Kafin in ce komai, amsa mani waɗannan: hannu biyu ne ko ɗaya? In ka yi barci zufar na tsayawa, ko kana tashi ka tarar da shimfiɗa a jiƙe? Akwai mai irin ta a danginku? Ka rame, ko kana tari, ko zuciya na bugawa da sauri? Kana shan wani magani, musamman tramol? Faɗi gaskiya, ba mai ganin laifinka.

Ɗan koyon ɗinki, Tawa:
Na gode Majo. Duka biyu ne, da ƙafa ma. In na yi barci ƙaf take ɗaukewa, da asuba hannuna a bushe, sai na fara zirga-zirga ta dawo. Baffana ma haka yake. Ban rame ba, ba tari, tramol kuwa ban taɓa sha ba.

Majo:
To alhamdu lillahi, amsarka ta kwantar mani da hankali. Abin da ka lissafa ya yi daidai da larurar da likitoci ke kira iperidroz, irin wadda ba wani ciwo ne ke jawo ta ba. Alamominta su ne naka: tana farawa tun ƙuruciya ko wajen balaga, tana kama gefe biyu daidai, tana zaɓen wuri (tafin hannu, tafin ƙafa, hammata, wani lokacin fuska), tana tsayawa cikin barci, kuma sau da yawa gado ce.

Fatar mutum na da ƴan ƙananan maɓuɓɓugan zufa miliyan 2 zuwa 4, kuma sun fi cunkushewa a tafin hannu da na ƙafa. Jijiyoyi ne ke ba su umarni su saki ruwa in jiki ya yi zafi ko hankali ya tashi. A wurin mai wannan larura maɓuɓɓugan lafiyarsu lau, jijiyoyin ne ke ta aika umarni ba dalili. Shi ya sa da ka hangi wanda za ka gaisa da shi gabanka ya faɗi, sai ruwan ya ƙaru, ƙaruwar kuma ta ƙara maka fargaba. Tsoro ba shi ne tushenta ba, ingiza ta yake yi.

Maganar ciwon zuciya, ɗan'uwa mai kabu-kabu, a nan ba ta shiga ba. Zufar da ake tsoro game da zuciya ita ce mai sanyi da ke keto wa mutum farat ɗaya tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Wannan kam a ruga asibiti nan take. Zufar hannu tun yarinta wani abu ne dabam.

Duk da haka ƙanena ka je a gan ka ido da ido, ko a babban asibitin jiha nan Tawa. In likita ya ga dalili zai sa a auna sukari da aikin ƙwayar maƙogwaro, wadda in ta yi yawan aiki take kawo zufa da rama da rawar hannu.

Wani daga Ƙwanni:
Majo gafara, bari in raɓa a nan. Yayana shi da dare yake tasa, har sai an sauya masa riga. Ya kai wata biyu yana tari, ya zube ƙwarai. Shi ma wannan ce?

Majo:
A'a, tasa ba irin ta telan ba ce, kuma kada ku tsaya neman maganin zufa. Zufar dare da tarin da ya wuce sati 2 da rama, abu na farko da ake bincika shi ne tarin fuka. Ku kai shi gobe a auna majinarsa. In shi ne, maganin kyauta ake ba da shi a likitar gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi, kuma ana warkewa. A duba waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, musamman yara. Duk zufar da ta zo wa babba sabuwa, ta game jiki duka, ko tana tashinsa daga barci, to akwai abin da ke ƙarƙashinta: masassarar cizon sauro, sukari in ya faɗi, wani magani da ake sha, ko ɗaukewar haila ga mata.

Mai aikin farmasi, Yamai:
Tela, ga abin da ake farawa da shi. Turaren hammata na kanti wari kawai yake ɓoyewa, ba ya tsai da ruwa. Abin da za ka tambaya shi ne maganin shafawa mai gishirin alminiyom, wanda a jikin kwalbar ake rubuta chlorure d'aluminium. Etiaxil na cikin irinsu, akwai na hannu, na ƙafa da na hammata. Alif ɗin da Inna ta ambata ma danginsa ne, sai dai ƙarfinsa bai kai ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne yadda ake sawa. Da dare ake shafawa lokacin kwanciya, kuma sai fata ta bushe ƙarau, ko da za ka tsaya gaban fanka ne. In ka shafa kan danshi zai yi maka raɗaɗi ya ƙona fata. Da safe ka wanke da sabulu tas kafin ka taɓa kayan mutane, don yana ɓata tufafi. Ka yi kowane dare har ka ga sauƙi, daga nan sau 1 ko 2 a sati ya isa. Kada a sa kan ciwo ko tsagewa, ko hammatar da aka yi wa aski yanzu. Fatar tafin hannu na da kauri, don haka kada ka yanke ƙauna in kwana uku ba ka ga komai ba.

Akwai ƙwaya ta sha, oksibutinin, amma ina roƙonka kada ka saya a tebur. Tana rage zufar jiki gaba ɗaya, tana busar da baki, kuma a zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 jikin da ba ya zufa na iya ɗaukar zafi har mutum ya faɗi. Sai likita ya rubuta.

Wata malamar makaranta, Yamai:
Ƙanena ni ma ina da ita, kuma na yi aure na haihu ina aikina. Maganin shafawa ya yi mani a hammata, a hannu kuwa kaɗan. Abin da ya taimake ni shi ne na'urar da likitan fata ya nuna mani, iyonoforez: ana tsoma hannu cikin faranti biyu na ruwan famfo, wuta ƴar kaɗan na ratsawa, minti 20 zuwa 30, sau uku a sati da farko, daga baya sau ɗaya. Mai ciki da mai batir a zuciya ba su yi. Na ga samari na haɗa ta da batir a bidiyo, kada ka kuskura. Allurar Botox na tsai da ita na wasu watanni, amma ga tsada, kuma a tafin hannu takan raunana riƙo na ɗan lokaci, kai kuwa da yatsu kake ci. Aikin yanke jijiya shi ne na ƙarshe, ba a komawa baya, kuma da yawa zufar kan koma masu baya da ciki da cinya.

A shago ka aje ɗan tawul a cinya, ka sa safar hannu ta auduga mai laushi in za ka riƙe shadda. Ka bar takalmin roba, ka samu na fata biyu kana musanyawa, ka riƙa busar da tsakanin yatsun ƙafa bayan alwala don kada su ci ruwa.

Malam:
Ɗana, zufa ba najasa ba ce, ba ta karya alwala. Ka goge hannunka ka miƙa, kada ka bar sahu ko musabaha saboda ita. Masu goge hannu a gaban idonsa kuma, a ji tsoron Allah.

Ɗan koyon ɗinki, Tawa:
Allah ya saka da alheri, zan je likita ranar Litinin. Tambaya ɗaya Majo: kakata ta ce in aka toshe zufa, dattin zai koma ciki ya zama wani ciwo. Haka ne?

Majo:
Ka gaishe ta, ka ce mata ta kwantar da hankalinta. Zufa kusan duk ruwa ce da ɗan gishiri, aikinta sanyaya jiki. Fitar da datti aikin ƙoda da hanta ne. Tafin hannu ɗan wuri ne, in ya bushe sauran fata na ci gaba da aikinta. In kuwa kana da ciwon ƙoda, ka faɗa wa likita kafin ka fara shafa maganin. Kuma kada ka rage shan ruwa da nufin zufar ta ragu, ba ta raguwa ta haka, kai ne za ka galabaita.