Wa ya fasa randa, Sadiq ko ninja?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Auta, fito, kai nake nema. Finafinan yara 'yan ninja da ka tura wa su Sadiq ranar Asabar, kana cewa babu komai a ciki, har tarbiyya suke koyarwa, to ga tarbiyyar ta iso. Jiya bayan la'asar ya ɗauke min baƙin ɗankwali ya naɗe fuska, ido kaɗai a waje, ya hau buhun masara ya diro da ƙafa ɗaya a gaba. Randar gindin dalbejiya ya samu. Ruwa har ƙofar ɗaki. Da Ummi ce a wajen fa? Fim ɗin faɗa fim ɗin faɗa ne, ko jarirai aka zuba a ciki.

Auta: Wa alaikumus salam. Subhanallahi, shi dai bai ji ciwo ba ko? Amma Yaya, ina nan a kan bakata. Ki duba 3 Ninjas ɗin nan na 1992. Yara uku ne 'yan gida ɗaya a Amurka, duk dogon hutu suna wajen kakansu na wajen uwa, Mori Tanaka, mutumin Japan. Shi ke tashinsu da sassafe, shi ke horar da su, har laƙabi ya ba kowa daidai da halinsa: babban Rocky saboda natsuwarsa kamar dutse, na tsakiya Colt, wato duƙushi, saboda rawar kai da sauri, autan kuma Tum-Tum don bai san komai ba sai cikinsa. Ba jini, ba tsiraici. Jika da kaka ne, da 'yan'uwa masu tsaya wa juna. Ina laifin wannan?

Maman Sadiq: Ai na zauna na kalla da daddare, don kar a ce ban gani ba. Kakan nan yana da mutum-mutumi da yake nuna musu wuraren da za a buga a jikin mutum, in an bugi daidai sai idanunsa su kawo wuta. Wannan ne darasin da ya zauna wa Sadiq, har a jikin filo yake gwadawa. Sannan da masu satar mutane suka shigo gidan, yaran suka zuba wa ɗayansu maganin wankin ciki a lemo. Yanzu in ya miƙo min kofi sai na sansana. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne uban. Jami'in FBI ne, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ya nuna ba ya son wannan horon, amma fim ɗin ya tafi a kan cewa yaran ne ke da gaskiya, shi ne bai gane ba.

Baffa: To, 'yata, ki yi haƙuri da randa. Amma ki bar ni in yi dariya tukuna. Lokacin da finafinan Bruce Lee suka shigo, muna fitowa daga silima kowa harbin iska yake yi da ƙafa har gida. Muka yanke sanda gida biyu muka haɗa da sarƙar keke, ba wanda bai fasa ƙeyarsa da ita ba. Kafin silima kuma dambe ne, in an yi shi lokacin kaka bayan girbi, washegari duk yaran unguwa sun naɗe hannu da tsumma. Ki tambayi yayanku yadda aka yi aka kai shi wajen mai ɗori. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ƙara girma, a rufa min asiri a gaban ƙannena.

Anti Malama: Ni ina bayan Maman Sadiq, kodayake ba duka ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan firamare, kuma duk Litinin ina gane abin da aka kalla a gida tun daga layin asambuli. Horon da Auta yake yabo minti nawa ne a fim? A ɗan kaɗa kiɗa, a nuna yaro yana gumi, shi ke nan ya ƙware. Dukan kuma a yi ta maimaita shi, ƙato ya faɗi ya tashi ba ko ƙwarzane, kowa na dariya. Ɗan shekara bakwai bai san an yanka hoto an haɗa ba, bai san akwai katifa a ƙasa ba. Su kansu Turawan sun yi wannan gardamar. A Ingila, da aka kawo katun ɗin nan na kunkuru huɗu, Teenage Mutant Ninja Turtles, cire kalmar ninja aka yi daga sunan, aka mayar da shi Teenage Mutant Hero Turtles, aka kuma yanke wuraren da ake wasa da sandar sarƙar da Baffa ya ambata.

Auta: Anti, ai daga baya sun sassauta, sunan ma ya dawo. Kuma in horo kike so a gani da tsawo, ga The Karate Kid na 1984. Yaron ya zo koyon faɗa, tsoho Miyagi ya sa shi goge motoci, gurzar katako da fentin shinge, kwana da kwanaki, har ya fusata ya ce bauta ake sa shi. Sai daga baya ya gane hannunsa ya riga ya koyi kare duka.

Anti Malama: Wannan kam na yarda da shi, don an bar gajiyar ta fito fili. To amma shi ka tura? Ba shi ka tura ba.

Yaya Babba: Ku bari in ɗan gyara wani abu, don duk kun cakuɗa. Karate daga tsibirin Okinawa na Japan ya fito, ba ruwansa da ninja. Ninja na gaske, waɗanda ake kira shinobi, 'yan leƙen asiri ne da sarakunan yaƙin Japan ke ɗauka haya: su shiga sansanin abokan gaba a ɓoye, su kwaso labari, wani lokaci su cinna wuta. Yankunan Iga da Koka ne suka yi suna da su, har wani babban sarkin yaƙi, Oda Nobunaga, ya afka wa Iga da runduna a 1581 ya murƙushe su. Mai irin wannan aiki shigar manomi ko ɗan kasuwa ta fi masa amfani a kan baƙaƙen kaya, don bai son a lura da shi. Shi kansa Victor Wong da ya fito a kakan, Ba'amurke ne ɗan asalin Caina. Kayan Hollywood ne kawai, an ɗebo nan an ɗebo can.

Maman Sadiq: Wato ma masu haura katanga da dare ne aka wanke aka ba yara su yi koyi. Na gode Yaya, ka ƙara min hujja.

Yaya Babba: Ni ban shiga ɓangaren kowa ba fa.

Auta: Yaya, ga shawara. Ki nuna masa ƙarshen finafinan Jackie Chan, inda ake sako wuraren da aka yi kuskure. Za ki ga ya zame, ya bugu, an kwashe shi. Wajen ɗaukar Armour of God ya faɗo daga bishiya ya fasa ƙoƙon kai, sai da aka yi masa aiki. Yaro ya ga wanda ya fi kowa iyawa yana riƙe da kai yana jini, zai san buhun masara ba wajen wasa ba ne.

Anti Malama: Ko kuma ya ga mutumin ya warke ya ci gaba, ya ce ashe ba a mutuwa. Ka san yaran nan kuwa?

Baffa: Ku kawo min shi wannan hutun. Tunda kaka yake so mai horo, ga ni. Da asuba ya share zaure, ya cika randuna uku daga rijiya, ya kai wa awaki dusa. In ya yi sati biyu bai yi ƙorafi ba, zan nuna masa yadda ake naɗe hannu.

Maman Sadiq: Baffa, ban da naɗe hannun, don Allah. Sauran duk na amince, har Ummi zan haɗo muku. Kai kuma Auta, ranar kasuwa za ka sayo min randa, babba irin waccan, ba ƙaramar da za ka ce ita ka samu ba.

Auta: Ni da ban fasa ba?

Maman Sadiq: Wanda ya fasa ya ce shi ba Sadiq ba ne, Colt ne sunansa, kuma tun safe ya ƙi amsa kira sai da shi. Kai ka kawo Colt gidan nan.