Lambobin wayata 640, amma 410 kawai kwamfuta take nunawa

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum masana. Wayar Android ce, kwamfutar kuma tafi-da-gidanka ce mai Windows. A waya lambobi 640 ne, amma idan aka buɗe Google Contacts a burauzar kwamfuta 410 kawai ake gani, kuma duk sababbin da aka adana a 'yan makonnin nan babu ko ɗaya. Ga Outlook, manhajar imel ta kwamfutar, shi ma an haɗa shi da Gmail, wasiƙu suna shigowa lafiya lau, amma wurin lambobi fayau. An kashe waya an kunna, an jona ta da kebul, shiru. Wani ya ce a goge bayanan manhajar lambobi daga saiti, wai za ta dawo daidai. In goge?

Maigyaran Waya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki goge komai tukuna. Idan lambobi 230 ɗin da suka ɓace a ƙwaƙwalwar wayar suke, goge ma'ajiyar lambobi zai tafi da su gaba ɗaya, kuma babu inda za a samo su.

Waya da kwamfuta ba sa magana da juna kai tsaye, shi ya sa kebul bai yi komai ba. Kowaccensu da asusun Google take magana: waya ta kai, kwamfuta ta ɗauko, abin da ake kira daidaitawa ke nan. Lambar da ba ta shiga asusun ba, kwamfuta ba za ta taɓa ganinta ba. Matsalar ita ce manhajar lambobi tana tattaro komai ta jera miki wuri ɗaya, alhali wuraren ajiya sun kai uku ko huɗu: katin sim, ƙwaƙwalwar waya, asusun Google, wani lokaci da asusun kamfanin da ya ƙera wayar, kamar na Samsung ko Xiaomi.

Abu na farko, ki fitar da kwafi. A cikin manhajar lambobi, wajen sarrafa lambobi, akwai zaɓin fitarwa zuwa fayil. Zai ba ki fayil mai ƙarewa da .vcf. Ki tura shi kwamfuta, ki tabbata girmansa ba sifili ba ne. Sai ki nemi wurin zaɓen lambobin da za a nuna, ki riƙa zaɓar ma'ajiya ɗaya-ɗaya kina rubuta adadin kowacce. Na asusun Google zai yi daidai da 410 ɗin nan, ko kusa. Sauran ki matsar da su cikin asusun: na waya da zaɓin matsarwa, na sim da zaɓin shigowa daga sim.

Na sim ɗin ki duba su da ido bayan sun shigo. Galibin katunan sim lambobi 250 suke ɗauka, suna ɗaya da lamba ɗaya, kuma suna datse dogon suna. Babu hoto, babu adireshi.

Kada ki manta da canja wurin da ake adana sabuwar lamba ya koma asusun Google. In ba haka ba, wata mai zuwa za ki dawo da wannan tambayar. Ki kuma danna hoton da ke saman kusurwar dama a burauza ki ga ko adireshin Gmail ɗaya ne da na waya. Masu asusu biyu suna yawan faɗawa wannan ramin.

Uwar Biyu:

Allah ya saka da alheri, Malam. An ƙirga: 198 a waya, 32 a sim, 410 a Google. An matsar da su duka, asusun ma ɗaya ne. Amma kwamfuta tana nan a kan 410, kuma a shafin asusu ranar daidaitawa ta ƙarshe ta wuce mako uku.

Maigyaran Waya:

To yanzu mun zo matsala ta biyu, daidaitawar ce da kanta ta tsaya. Ki shiga saiti, asusu, ki zaɓi na Google, ki buɗe jerin abubuwan da ake daidaitawa. Ki kashe maɓallin lambobi, ki jira kamar daƙiƙa goma, ki kunna, sannan ki danna ɗigo uku na sama ki zaɓi a daidaita yanzu. A shafin asusu akwai wani babban maɓalli na daidaitawa ta atomatik, shi ma ya zama a kunne.

Idan ta ƙi, ga masu laifin da aka saba kamawa. Yanayin tsimin batir da na tsimin data duk suna hana aikin bayan fage, daidaitawa kuwa a bayan fage take gudana. Ki kashe su, ki hau Wi-Fi. Kwanan wata ko agogon da ya kauce yana sa waya ta ƙi amincewa da takardar tsaron saba (babbar kwamfutar Google da ke riƙe da asusun), haɗin ya yanke ba tare da wani bayani ba, don haka ki bar su a kan atomatik. Ma'ajiyar waya idan ta cika maƙil, Android yana dakatar da daidaitawa, ki sarara mata ko da gigabait ɗaya ne. Idan an canja kalmar sirrin Gmail kwanan nan, wayar tana jiran a sake shiga.

Akwai ɗaya da mutane suke share shi daga sanarwa ba su karanta ba. Idan aka goge lambobi da yawa lokaci guda, Android yakan tsayar da daidaitawa ya tambaya ko da gangan ne. Har sai an ba shi amsa, ba zai motsa ba.

Cire asusun Google daga waya a sake saka shi yana aiki, amma shi ne na ƙarshe. Lambobi 230 da kika matsar ba su kai saba ba tukuna, cire asusun zai share su daga waya. Fayil ɗin .vcf ne kawai zai cece ki a nan.

Injiniya:

Malam ya gama da ɓangaren waya, bari in taɓa na Outlook, domin shi ba lalacewa ya yi ba. Tsohon Outlook na kwamfuta yana haɗuwa da Gmail ta hanyar IMAP, ita kuwa IMAP wasiƙu kawai take ɗauka. Lambobi suna da tasu ƙa'idar, CardDAV, wadda tsohon Outlook bai zo da ita ba. A da wasu na'urori suna bi ta wata hanya mai suna Exchange ActiveSync, amma tun watan Janairun 2013 Google ya rufe wannan ƙofar ga sababbin na'urori a asusun kyauta. Ko shekara za a yi ana danna aika da karɓa, wurin lambobin zai ci gaba da zama fayau.

Mafi sauƙi, a tsaya a Google Contacts na burauza, shi ne ainihin rumbun. Wanda yake son manhaja a kwamfuta, manhajar imel ta Thunderbird tana da CardDAV a cikinta tun siga ta 91, manhajar lambobi ta Mac ma tana da ita. Phone Link na Windows kuma nuna miki lambobin waya yake yi don ki yi kira, ba ya zuba su cikin Outlook.

Idan dole sai Outlook, ana iya fitar da fayil ɗin CSV, mai jera lambobi kamar tebur, daga Google Contacts a shigar da shi. Sai dai wannan hoto ne na rana ɗaya, gyaran da aka yi gobe ba zai bi shi ba. Kuma don Allah kada a buɗe CSV ɗin da Excel ta danna shi sau biyu a sake adanawa. Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi: ya cinye sifilin farko, ya jefar da alamar +, doguwar lamba mai alƙaluma 12 ko fiye ya mayar da ita wani abu mai E+ a tsakiya. Sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ ko haruffan Larabci su ma sukan rikiɗe su koma tarkace idan ba a buɗe fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8 ba. A ganina, duk inda vCard, wato fayil ɗin .vcf, yake shiga, a bar CSV.

Malama Mai Lissafi:

'Yar'uwa, ki shirya wa abin da zai biyo baya: da zarar daidaitawar ta tashi za ki ga wasu sunaye biyu-biyu, domin mutum ɗaya yana iya kasancewa a sim da kuma Google, ɗaya da lambar ƙasa, ɗaya babu. Ki yi haɗewar a kwamfuta, allon ya fi faɗi. Google Contacts yana da sashen haɗewa da gyara, amma kada ki danna haɗe duka ido rufe. Mutum biyu masu suna ɗaya, ko 'yan gida ɗaya masu lamba ɗaya, zai iya cusa su cikin kati guda. Kuma kada ki shigar da fayil ɗin .vcf a kan lambobin da suka riga suka hau, komai zai ninku.

Ki tuna daidaitawa tana kai gogewa kamar yadda take kai ƙari. Abin da kika goge a kwamfuta zai ɓace a waya. Sa'ar ita ce kwandon shara na Google yana riƙe lamba kwana 30, kuma a saitin shafin akwai zaɓin mayar da dukkan jerin yadda yake a kowane lokaci cikin kwana 30 da suka wuce. Shi wannan zaɓin yana cire duk abin da aka ƙara bayan lokacin da aka zaɓa, saboda haka a fitar da kwafi kafin a taɓa shi.

Maganar iyakar yawan lambobi ba ta shafe ki ba, asusun Google yana ɗaukar lambobi 25,000. Idan kuma adadin kwamfuta ya zarce na waya, ki leƙa sashen sauran lambobi: adireshin waɗanda aka taɓa yi wa imel ne Gmail yake tarawa da kansa, ba sa sauka a jerin waya.

Gwajin da zai nuna an gama: ki adana lamba mai suna Gwaji 1 a waya, ki sabunta shafin burauza bayan minti biyu. Sai ki canja sunan zuwa Gwaji 2 a kwamfuta, ki duba waya. Idan lambar ba ta bayyana a kwamfuta ba, ko gyaran bai dawo waya ba, ki sake duba maɓallin daidaitawa ta atomatik.