Wai da gaske a Amurka kanti kake shiga ka sayo mashinga kamar burodi?

Baban Ummi: Jama'a ni abin da ke ban haushi kenan, a Amurka mutum ya shiga kanti ya nuna mashinga ya biya ya saɓo abarsa ya fita kamar wanda ya sayo burodi, mu nan adaka ma sai ka nemi takardar kwamishinan 'yan sanda. Shi ya sa ɓarawo ke shakkar gidajensu.

Na Houston: Baban Ummi wa ya sayar maka da wannan labarin? shekarata tara a Texas, jihar da ake ganin tafi kowa sakin mara a harkar bindiga, kuma wlh ban taɓa ganin wanda ya shiga kanti ya fito da mashinga a rana ɗaya ba

Baban Ummi: To waɗanda muke gani a bidiyo suna rataye da ita a kafaɗa har gidan cin abinci fa? ko roba ce?

Na Houston: Yawanci AR-15 ce, kama ce kawai take yi da ta soja. Ita ka ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya ya fita, sai ka sake ka ƙara ja. Mashinga a dokarsu ita ce wadda in ka danne kunama zata yi ta zuba har sai ka ɗaga yatsa ko harsashi ya ƙare. Ta farkon eh ana sayenta a kanti a nan bayan sun duba sunanka, ta biyun kuwa wani dogon karatu ne.

Barista: Bari in sa baki, don dokar ba sabuwa bace. Tun 1934 aka yi ta, bayan zamanin su Al Capone da 'yan daba ke ta ɓarin wuta da bindigar Thompson a titunan Chicago, har aka kashe mutum 7 a wani gareji a 1929. Gwamnati bata haramta ba, sai ta ɗora harajin dala 200 kan kowace ɗaya in za ta canza hannu, kuma a lokacin kuɗin ya kai kusan farashin bindigar kanta. Har yau dala 200 ɗin ce ba a ƙara ba. Sai rajista da hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi, a cike fam ɗin da suke kira na 4, hoton fuska, zanen yatsu, FBI ta bincika tarihinka, a aika wa shugaban 'yan sandan yankinka kwafi ya sani. In wajen dila zaka saya sai ka kai shekara 21. Bindigar tana hannun dila har sai takardar ta fito, a da ma har wata da watanni ake jira.

Baban Ummi: Yauwa! kin ga kenan halal ce. Dala 200 da hoto ai ba wani abu bane, ko fasfo a nan yafi haka wahala

Barista: Ka tsaya mana ranka ya daɗe, ban kai ga inda gizo ke saƙar ba. A 1986 shugaban ƙasa Reagan ya sa hannu a wata doka da ta rufe rajistar, duk mashingar da ba a yi wa rajista kafin 19 ga Mayu na shekarar ba farar hula ba zai mallake ta ba har abada. Ko kamfani ya ƙera sabuwa yau sai dai soja da 'yan sanda da diloli masu lasisi na musamman. Waɗanda suka rage a hannun jama'a ba su kai dubu 200 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 330, kuma raguwa suke ba ƙaruwa ba.

Na Houston: Shi ne ya sa farashin ya haukace. M16, bindigar sojansu, tsohuwa da ta girmi yawancinmu a nan sai ka ga ta haura dala dubu 30, kuɗin mota sabuwa fil. Ko ƙaramar MAC ɗin nan mai kama da akwatin ƙarfe da a da ba a ɗauke ta bakin komai ba ta kai dala dubu goma ko fiye. Ba ƙarfen kake saya ba fa, lambar rajistar kake saya

Kawu: To ai maganar ta fito, an bar wa masu kuɗi an hana talaka kenan cikin dabara. Ni a ganina Baban Ummi bai yi ƙarya ba, in kana da shi zaka samu.

Barista: Kawu ba ko'ina ba. Jihohi kamar New York da Illinois da Hawaii ko kuɗinka ya kai na Ƙaruna ba zaka ajiye ta a gida ba, dokar jihar ta hana. Inda aka yarda ma in zaka tsallaka da ita wata jiha sai ka rubuta wa ATF sun amince tukun. A kama ka da wadda babu rajista kuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ne.

Na Houston: Kuma ba ku lissafa cinta ba lol. Na taɓa zuwa wajen koyon harbi da ake bada haya, aka ɗaura min abin toshe kunne, mai wurin ya tsaya a bayana ya dafa kafaɗata. Na danne kunama, kafin in gama bisimilla harsashi 30 sun tafi, sakan biyu zuwa uku, bakin bindigar yana ta ɗagawa sama, takardar da nake auna ko rabi basu same ta ba. Sai ɓawon harsashi mai zafi a ƙasa da warin albarushi, da kuɗina da suka bi iska

Baban Ummi: Na ji. To wanda ya yi ta'asa a Las Vegas a 2017 fa, duk wanda ya ji ƙarar nan ya san ruwan wuta ne, ba ɗai-ɗai ba

Barista: Wannan tambayar taka ta fi ta farko. Bindigoginsa irin na kanti ne, sai ya ɗaura musu wani gindi da ke sa bindigar ta dinga komowa tana bugun yatsa da kanta. Gwamnatin Trump ta haramta shi bayan nan tace ya mayar da bindiga mashinga, amma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke haramcin tace a ma'anar dokar ba mashinga bace, tunda kowane harsashi da nasa motsin kunamar.

Kawu: Kun gani ko, an kulle ƙofa an bar taga a buɗe.

Baban Ummi: Ni dai har yanzu ina kan bakana, sun fi mu. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara tace mutane su nemi lasisi su kare kansu ai shugaban tsaro na lokacin Irabor fitowa yayi yace gwamna bashi da wannan hurumin

Barista: A dokarmu ta 1959 irin su mashinga shugaban ƙasa kaɗai ke bada lasisinta, wannan gaskiya ne. Amma ba shi muka fara musu a kai ba Baban Ummi, cewa kayi kamar burodi.

Baban Ummi: To burodin masu kuɗi. Na Houston nawa suka caje ka a sakan ukun nan?

Na Houston: bar tone-tone malam, madam na cikin gurup ɗin nan