Me za mu kira HOA da Hausa?

1/ Jama'a, musamman masu fassara da masu aikin jarida, ina neman mu daidaita a kan sunan Hausa na abin da Amurkawa ke kira "homeowners association", a taƙaice HOA, domin labaran gyaran dokokinta suna ta zuwa, kuma sunan da muke ba ta yana ɓoye dalilin gyaran.

2/ Ga yadda abin yake. Kamfani ya gina rukunin gidaje, ya rubuta sharuɗɗa ya haɗa su da takardun mallakar filayen, don haka duk wanda ya sayi gida a wurin ya shiga ke nan, ko ya so ko bai so ba, kuma ba shi da hanyar fita sai dai ya sayar ya tashi. Ana karɓar kuɗi daga kowane gida don kula da hanyoyi, fitilu da filayen wasa. Kwamitin da aka zaɓa yana iya hukunta mutum a kan launin fentin da ya shafa ko tsawon ciyawar ƙofarsa, ya ci shi tara, kuma a jihohi da dama idan bashi ya taru sai a kai ga yin gwanjon gidan. Fiye da mutum miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin irin wannan tsari a Amurka.

3/ Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "ƙungiyar masu gidaje", kuma ban gamsu da ita ba. Bahaushe idan ya ji "masu gidaje" hankalinsa yana tafiya ne ga masu ba da haya, alhali yawancin waɗannan mutane a cikin gidajen suke kwana. Babbar matsalar kuwa tana ga "ƙungiya". A wurinmu ƙungiya abu ce da mutum ke shiga da ƙafarsa, ya fita ranar da ya ga dama, kamar ƙungiyar ci gaban unguwa ko ta 'yan kasuwa, kuma iyakar abin da za ta yi wa wanda ya ƙi biyan kuɗi shi ne ta kore shi. Mai karatun da aka ce masa majalisar dokoki ta zauna don kare mutane daga ƙungiyarsu zai yi mamaki, ya ce to su fita mana.

4/ "Ƙungiyar mazauna unguwa" ta fi rauni, domin ɗan haya mazauni ne, dokokin suna hawa kansa, amma ƙuri'a ta mai mallakar gidan ce. "Majalisar unguwa" kuma tana kai tunani ga mai unguwa da dagaci ko ƙaramar hukuma, abin da babu shi a nan.

5/ Mu duba abin da ake gyarawa, shi zai nuna mana kalmar. A watan Nuwamba na 2022 masu gabatar da ƙara a yankin Mayami na jihar Fulorida sun tuhumi wasu shugabannin rukunin gidajen Hammocks da sace fiye da dala miliyan 2 daga kuɗin mutane, bayan an ninninka wa mutanen abin da suke biya. A 2024 jihar Fulorida ta yi dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, wadda ta tilasta wa 'yan kwamiti samun horo, ta mai da karɓar na goro daga 'yan kwangila laifin da ake gurfanar da mutum a kansa, ta wajabta wa rukunin da ya kai gida 100 ya sa takardunsa a intanet, ta kuma hana cin tara don kawai kwandon shara ya kwana a waje dab da ranar kwashewa. Jihar Kolorado ta riga ta tun 2022: ta hana yin gwanjon gida a kan bashin tara kaɗai, ta tsayar da kuɗin ruwa a kan kashi 8 cikin ɗari, ta ce sai an ba mai bashi damar biya kaɗan-kaɗan har wata 18. A ganina wannan hani na gwanjo shi ne mafi nauyi a duk gyare-gyaren, domin raba iyali da muhallinsu a kan tarar ciyawa zalunci ne ko da takarda ta halatta shi.

6/ Abin da ke kafa doka, ya karɓi kuɗi dole, ya ci tara, har ya iya sayar da gidan mutum, sunansa a Hausa hukuma. Shawarata ita ce "hukumar rukunin gidaje", kuma a ambaton farko cikin labari a cika shi: "hukumar mamallaka rukunin gidaje". "Rukunin gidaje" ba baƙo ba ne, da shi muke kiran Gwarinpa a Abuja da Kwankwasiyya a Kano, kuma mazauna rukunonin Abuja masu ƙofa da masu gadi sun san kuɗin hidimar da ake karɓa.

7/ Na san za a ce "hukuma" tana ƙamshin gwamnati. Gaskiya ne, amma muna cewa hukumar makaranta ko da makarantar ta kuɗi ce, muna cewa hukumar gudanarwar kamfani, kuma jimla ɗaya ta isa ta fayyace cewa wannan mai zaman kanta ce. Wannan ɗan ƙamshi ma yana da amfani, tunda masu neman gyara suna cewa ne an ba wasu 'yan tsiraru iko irin na gwamnati ba tare da irin sa idon da ake yi wa gwamnati ba.

8/ Sauran kalmomin su bi baya: shugabanninta "kwamitin gudanarwa", abin da ake biya "kuɗin hidima", a kuma riƙa bambanta "mamallaka" da "mazauna" a duk inda doka ta bambanta su. Malamai, wanda ke da kalmar da ta ɗauki ma'anar shiga dole fiye da "hukuma", ya kawo ta tare da jimlar da ya gwada ta a ciki.