Kuranshaf yana cijewa da zarar na ɗaure kaf na 4

Salam, iyayen gida. Injin OM352 na Marsandi 911 ne a garejinmu a Farin Gada, Jos. Ya yi nokin, metal (beyarin da kuranshaf ke kwanciya a kai) na 4 ya juya a gidansa. An gurje kuranshaf an rage masa 0.25mm, na sa sababbin metal na wannan sayiz a duk gidaje bakwai.

Kaf (murfin da ke danne metal) guda shida suna ɗaure da tok renci, kuranshaf yana juyawa da hannu sumul. Ina gama ɗaure na 4 sai ya cije, ko da ƙarfe ba ya motsi. In na sassauta kaɗan ya saki.

Na goge bayan metal da gidansa tas, lambar kowane kaf tana wurinta, babu wanda ya juya baya. Na musanya metal na 4 da na 2, matsalar ba ta bar 4 ba. Plastigage (zaren auna tazarar metal da kuranshaf) ya ba ni 0.08mm a sauran, na 4 kuwa 0.02mm. Metal ɗin yana sheƙi a sama da ƙasa, gefensa bai taɓu ba.

Wani ya ce in goge bayan metal da sanfefa, ban yarda ba, mota ce mai hawa Hawan Kibo da kaya.

Wane awo zai tabbatar min gidan bulok ne ya matse, ba kuranshaf ne ya lanƙwashe ba, kafin in kai layin borin (gurje gidajen metal su daidaita a layi ɗaya)?